Fatar Gidan Hajiya Shatu

"Sake faɗa, Nafi'u, ban ji da kyau ba."

Kaltume ta ji sarai. So take ya ji da kunnensa yadda maganar ke fita daga bakin mai digiri.

Nafi'u ya gyara hula a zauren gidan su Kaltume a Kazaure, ya maimaita. Mahaifiyarsa Hajiya Shatu ta ce gidansu gidan sarauta ne, ba za a kawo mata surukar da ke cire wa mata gashin hammata ba. In ta bar sana'ar, za a duba.

"Ki yi haƙuri, Kaltumena... na ɗan lokaci ne."

"Hannun nan da ka ce ya fi auduga laushi, a sana'ar ya yi laushi."

Ta shige gida.

Sana'ar ta kakarta ce, Hajja Kaka, wadda ta zo da ita daga gabas: a dafa sukari da lemon tsami har ya yi danƙo, shi ne halawa, a manna wa fata a fizge gashi. Mai fatar da ba ta jure halawa kuwa, sai tsumma mai ɗumi, man kaɗe, sabuwar reza, a bi gashi yadda ya kwanta, sau ɗaya tak.

Cikin masu irin wannan fata akwai wata babbar Hajiya da ta shekara ashirin tana shigowa ta ƙofar baya duk wata, da mayafi har hanci. Shekara biyar ke nan Kaltume ke yi mata.

Sunanta Shatu. Nafi'u bai sani ba.

Ana saura mako guda bikin ƙanwarsa Halima Sa'adiyya, Muhsina ta karɓi gyaran amarya. 'Yar ƙanen Hajiya ce, wadda dangi suka daɗe da yi wa Nafi'u tanadi ba tare da sun tambaye shi ba. Ta ce an daina wannan ƙauyancin, ita a Kano ta gani. Ta aske amarya a bushe, ta bi gashin a juye har sau uku don ya fita tas, sannan ta feshe wurin da turare.

Kafin la'asar Halima ba ta iya sauke hannuwanta.

Nafi'u ne ya zo da mota, yana magana yana kallon takalminsa. Kaltume ta ɗauki kwandonta. Ba don shi ba, ta ce, don Halima.

Ɗakin amarya cike yake da gwaggwanni, kowacce da maganinta. Amarya na kuka, hammata da ƙwauri duk ƙuraje. Wata gwaggo daga Roni ta ce a yi mata halawa yanzu a gama, lokaci ya ƙure. Kaltume ta ce ko sarauniya ce ba za ta ɗora halawa a kan wannan fata ba. Ruwan sanyi, man kaɗe, riga mai faɗi, babu turare, babu reza har kwana biyar. Ta ƙara da cewa irin wannan fatar a kwana na uku take lafawa, kada a tsorata in ta yi duhu.

Muhsina ta taɓe baki.

"Yau kika fara ganinta. A ina kika san fatar gidan nan?"



Hajiya Shatu tana bakin gado, carbi ya tsaya cak a hannunta. Kalma ɗaya ta isa ta tona mata asiri. Kaltume ta ji kalmar ta hau harshenta, da daɗinta da komai...

"Sana'ata ce," ta ce. "Da ido nake gani."

Ta ci gaba da shafa mai.

Ranar kamu Halima ta ɗaga hannu ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi. Muhsina ta shaida wa kowa cewa dama ta san zai warke.

Nafi'u ya dawo zaure da sabuwar jarumta. Ya ce ya gaya wa Hajiya ko da sana'a ko babu, Kaltume zai aura. Ta tambaye shi me Hajiya ta ce. Ya ce ba ta ce komai ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Ƙarshen wata ya zo, ranar da Hajiya ta saba zuwa. Kaltume ta ɗumama ruwa, ta zare sakatar ƙofar baya, ta zauna jira.

Sai dai ta zaure sallamar ta fito.

Da rana tsaka, fuska a buɗe, maƙwabta na leƙe, Hajiya Shatu ta shigo da mata biyu ɗauke da goro. Ta gaida Hajja Kaka har ƙasa, ta ce kawunnan Nafi'u na tafe ranar Juma'a. Sannan ta juyo.

"'Yata, ruwan ya yi ɗumi?"

"Ya yi, Hajiya."

"To rufe waccan ƙofar. Iska take shigowa."