Aljanin Kunnen Safara'u

Safara'u na tsakar gida tana surfen gero, sai murmushi take ita kaɗai. Can ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka!"

Inna Tahira, uwar mijinta, tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa a gidan sai su biyu da kaji.

"Safara'u! Ke Safara'u!"

Sai da Inna ta jefe ta da ɓawon gyaɗa sannan ta zabura ta durƙusa.

"Da wa kike magana?"

"Ba kowa, Inna."

Ba kowa wai! Mijinta Abdulmumini, ɗan farin Inna, koyarwa yake a Rijiyar Zaki, sai Juma'a yake dawowa ƙauyensu na wajen Dawakin Tofa. Shi ya sayo mata iyafis, na'urar sauraron waya ta kunne, marasa igiya, 'yan mitsi-mitsi kamar gurjiya. Sai ta bar wayar a ɗaki, ta cusa su a kunne ƙarƙashin ɗankwali, tana aiki suna hira da mijin. To amma wace amarya ce za ta dubi idon uwar miji ta ce, "Da ɗanki nake hira"? Gara ƙasa ta tsage ta shige!

Ita kuwa Inna ta gama yanke hukunci: iska ce ta shafi yarinyar. Aka shiga turare da tazargade, aka karɓo rubutu wajen liman. Baiwar Allah ta shanye tas, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Ta ajiye iyafis ɗin ma gaba ɗaya, amma ina! Da ta daina dariyar, Inna ta ce aljanin ne ya yi fushi. Ko mijin Safara'u ba ta gaya wa ba, don kada ta haɗa ɗa da uwarsa. Wallahi abin tausayi ne.

Ran Juma'a ko jaka Abdulmumini bai ajiye ba Inna ta tare shi.

"Kai, zauna. Gobe ka mayar da yarinyar nan gidansu. Da aljanu take hira, da idona na gani! Ba zan zuba ido jikokina su gaji iska ba. In kuma ita ka zaɓa, to, ga ka ga ta."

Shi kuwa bai taɓa tsallake maganar Inna ba. Ya shiga ɗaki ya tarar da Safara'u tana ninke kayanta tana sheshsheka.

"Haba, Safara'u! Wane irin aljani kuma?"

"Kai ne, hirarmu ce ta iyafis," ta ce. "Ta yaya zan faɗa mata?"

Ya dafe kai. "Innalillahi! Sori, don Allah. Miƙo min iyafis ɗin, akwai caji?"

Ya fito ya durƙusa gaban Inna, shi ma kunya ta hana shi dogon bayani. Ya saka mata a kunne tana ƙoƙarin kaucewa, ya danna wani tsohon saƙon murya da ya turo wa Safara'u a wayarta. Sai ga muryar ɗanta tar a tsakiyar kanta:

"Safara'u, ki dinga duba gwiwar Inna, ko tana ciwo ba za ta faɗa ba. Kada ki bari ta ɗauki tulu. Duk abin da na zama, da gyaɗar hannunta na zama. In kina sona, ki so ta fiye da ni."

Tun da Inna ta haife shi, kunyar ɗan fari ba ta taɓa bari sun yi irin wannan magana ba. Sai hawaye shar!

"Safara'u, zo nan, 'yata. Wannan ne aljanin?"

Safara'u ta sunkuyar da kai.

"Kika shanye rubutun nan duka don kada ki yi min rashin kunya? Ki yafe min. Mayar da kayanki, babu inda za ki."

Ta share ido da gefen zane, ta kawar da kai daga ɗanta, ta ce a hankali, "Ke, sake danna min na ji."

Zato zunubi ne ko da ya yi kama da gaskiya. Ita kuma kunya ado ce, amma in ta hana magana tana iya raba aure. Haƙurin Safara'u ne ya riƙe mata ɗakinta, har ya ƙara mata uwa.