Tsagar Ɗan Takara

A unguwar Kwaciri an riga an yanke hukunci: wai Goni, mai kula da inji a wata maɗaba'a da ke Titin Ibrahim Taiwo, ba shi da aiki sai dizga Surayya a gaban jama'a, tun ranar da ta fara aikin kwamfuta a wurin suka haɗa ido. Da ya aiko neman aurenta, mahaifinta Alhaji Dabo ya ce ba zai ba mai tsinka masa 'ya ba.

Yayarsa Hajja, tsohuwar shugabar makaranta, ba ta yarda da "an ce". Ta yafa mayafi ta tafi maɗaba'ar, wai kalanda take son a buga mata.

Kakar zaɓe ce, ta biyu tun komawar soja bariki, fasta ko'ina. Sammani, abokin aikin su Surayya, ya ba ta kujera, yana yabon duk abin da Surayya ta taɓa, yana raɗa mata cewa yarinyar na shan wuya.

Sai ga Goni da hoton wani ɗan takara, hannu duk tawada. Ya yi ƙorafi cewa Surayya ta haska fuskar har tsagar Barebari ta ɓace. Sammani ya ce ai haka 'yan siyasa suke so.

Goni ya ce, "Da tsagar nan mutanensa suka san shi, Surayya. Baƙo za su zaɓa?"

Ta ƙura wa hoton ido, ta mayar da tsagar. Sannan ta ɗago bugun jiya. "Kai kuma, Malam Goni, korenka ya koma miyar kuka. Sake."

Ya sosa ƙeya, ya kwashe, ya koma inji.

A hanyarsu ta gida ita da Hajja, wajen shataletalen Bata, wayar Surayya ta yi ƙarar shigowar saƙo. Hajja ta miƙa hannu, ta gyara tabarau, ta karanta saƙon Goni:

"Tauraruwata, koren ya gyaru. Kin fi ni ido. Ki gaida Goggo, na gane ta, ko kalandar ba ta duba ba."

Hajja ta zarce wajen ƙanenta. "Dabo, yau na ga namijin da mace ta ce wa sake, ya sake. Ka ba shi."

Bayan zaɓe aka ɗaura. Ita ta tsara katin, shi ya buga, kowa sai da ya dawo wa ɗaya da nasa. Hajja ta haɗa hannayensu, ta ce Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai jin gyara.

Maganar dizgi kuwa daga bakin Sammani ta fito. Shi ya fara neman Surayya, ta ce a'a.