Talatar da Ba Tawa Ba

Ina da wani ɗan hali da gara in faɗe shi tun farko: idan aka tambaye ni shekaruna, fasfo nake miƙawa. Shi ba ya jin kunya.

Ranar da asiri ya tonu, ina ofishinmu na kago a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai ina ɗaure kwalayen takalma masu tafiya Kano, sai ga Lastri a bakin ƙofa. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, alamar daga kan keken ɗinki ta taso. Ba murmushi.

"Mas Musbahu... wace rana aka haife ka?"

"Ai kin ga fasfo, habibti."

"Ba fasfo nake tambaya ba."

Na duƙa ina neman almakashin da ke hannuna.

Sulastri ne cikakken sunanta. 'Yar Indonesiya ce, daga wani ƙaramin ƙauye a tsibirin Java, tana gyaran abaya a wani shago a unguwar Naif. Shekara tara tana rage wa matan Kano tsawon riga, har Hausa ta ɗan zauna a bakinta, ta iya cewa "Hajiya, kin ƙara ƙiba" cikin ladabi. Na fara zuwa shagon ne karɓar kayan kwastomomi. Daga baya na riƙa zuwa ko babu kaya, mutum da furfurarsa, matarsa ta rasu shekara shida, yana tsaye yana yaba ɗinkin da bai san kansa ba. "Mas" take ce mini, wato yaya a wurinsu. Duk lokacin da ta faɗa sai in ji gwiwata ta daina ciwo.

Wata Juma'a muka je shan iska garin Hatta da ita da ƙawarta. A bakin dam ta nuna mini ƙauyensu a waya: gidan katako, gonar shinkafa hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala, da kabarin babanta a can sama ƙarƙashin wata bishiya. Ta ce tun da masu yawon buɗe ido suka gano wurin, da asuba za ka gan su a kan kunyoyin gona suna ɗaukar hoto, har aron hular manoma suke yi. Maƙwabcinsu ya sayar da gonarsa, an gina wurin shan kofi da lilo, yanzu shi ne mai share wurin. Yayanta Sutrisno da ke Jakarta ya samo masu son sayen tasu gonar, za su yi ɗakuna da wurin ninƙaya. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Ibu, ta ce idan Lastri ta samu miji ta dawo gida, gona ta zauna, a gyara ɗakuna uku na tsohon gidan a riƙa saukar da baƙi. Idan ba haka ba, ita ta tsufa, a sayar.

A nan na ce ina sonta. Na faɗa da Turanci, na ƙara da Larabci, don kada ta ce ba ta ji ba.

Sai dai a garinsu ba a ba da mace sai an yi lissafin da suke kira weton. Ana haɗa ranar haihuwar namiji da ta mace, a duba ko zamansu zai yi albarka. Ta ba ni labarin wani tsoho, Mbah Karso, wanda ya yi wa iyayenta nasu lissafin. Na san abin da malamanmu za su ce a kan irin wannan. Duk da haka na ɗauki hoton fasfo na tura: ɗaya ga Janairu, 1980, ranar Talata. Ranar da wani ejan a Fagge ya zaɓa mini yana cin gyaɗa, don ya ce kamfanonin Dubai ba sa ɗaukar tsoho.

Bayan kwana huɗu saƙo ya zo. Ibu ta ce lissafi ya yi kyau, mutumin nan hannunsa na noma ne, kuma ta sallami masu sayen gona. Sutrisno ya yi fushi ya daina ɗaga waya.

Ni kuwa a wurin mai shayin Naif na fara ba da labarin otal ɗina. Ɗakuna ukun nan kafin mako ya fita sun zama talatin.

Yayata Sauda ce ta ɓallo ruwan, ba da gangan ba. Dama ba ta so, tana cewa zan auro wadda ba ta san kuka da kuɓewa ba. Da na haɗa su a waya su gaisa, sai Sauda ta ce, "Ɗanlami, wannan ce?" Sunan da uwarmu ta sa mini ke nan, babu mai kirana da shi sai 'yan gida. Lastri ta riƙe shi. Ta tambayi Bashar, wani matashin ɗan kasuwar jakunkuna da ya daɗe yana kai mata dabino ba ta ci. Bashar, Allah ya saka masa, ya yi mata bayani dalla-dalla cewa Bahaushe ba ya kiran ɗa Ɗanlami sai wanda aka haifa ranar Alhamis. Har ya ƙara da cewa ya taɓa jin ina ba da labarin yaƙin Biyafara kamar da ni aka yi.

Shi ne ta zo ofis.

Na ajiye almakashin na faɗa mata gaskiya. Alhamis ce, watan kuwa babu wanda ya sani. Shekarar dai gwaggona ta ce ita ce wadda motoci suka koma bin hannun dama a Najeriya. Shekara takwas na rage.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Uwata ta kori mutane saboda Talatarka. Yayana ya daina yi mata magana saboda Talatarka."

"Lastri, na ji tsoro ne..."

"Furfurar nan ina ganinta tun ranar farko, Mas. Ka ɗauka fasfo zan aura?"

Ta ce abu ɗaya ne: in faɗa wa Ibu da bakina, sannan abin da ta yanke shi ke nan, gonar da ni duka.

Kwana uku ban je wurin mai shayi ba. Na huɗu na sa babbar riga kamar mai zuwa gaban alƙali, muka kira Java daga bayan shago, tsakanin abayoyi. Tsohuwa ce 'yar ƙarama a zaune a baranda, kaji na wucewa ta bayanta. Na yi bayani, Lastri na fassarawa, kuma na lura ba ta rage ko kalma ɗaya don ta rufa mini asiri ba. Har zancen ɗakuna talatin ɗin nan sai da ta faɗa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ibu ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi magana gajeriya.

"Ta ce gonar ba ta sayarwa ba ce, ko Talata ko Alhamis," in ji Lastri. "Ta ce kuma, da shekarun naka na gaskiya, za ka iya ɗaukar buhun shinkafa ka hau tudu?"

Na ce zan iya. Wannan ma ban tabbata ba, amma na faɗa da niyya mai kyau.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Sutrisno ne waliyyi, ta waya, fuskarsa a murtuke. Sauda ta aiko da kuka da daddawa ba tare da wani saƙo ba. Bashar ya zo ya ci shinkafa faranti biyu.

Amma abin bai bar raina ba. Na sa dattijo ya ɓata lokacinsa yana lissafa ranar ƙarya. Da muka fara haɗa kayan tafiya Java, na shiga Naif na sayi turare mai kyau da carbi, na ce wa Lastri ta ware su, na Mbah Karso ne, ina so in durƙusa gabansa in nemi gafara.

Ta karɓi turaren ta shinshina, ta sa a jakarta.

A nan ta faɗa mini: Mbah Karso ya rasu shekara bakwai da suka wuce, kuma duk ƙauyen babu wanda ya gaji lissafin. Ashe Talatar nan babu wanda ya taɓa lissafa ta.