Motar da Aka Jawo Daga Mairuwa

Ranar da injin ya fara tashi, yammacin wata Laraba ce a ƙarshen damina, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bayan Ƙanƙara. Rabo makaniki ya saurari ƙarar motar har ya gamsu, ya kashe ta, ya goge hannunsa da tsumma, ya zauna a kan turmi yana kallonta. Matarsa Larai tana madafa tana kwashe tuwo. Autarsu Suwaibatu, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, tana kora kaji cikin akurki. Ladan bai riga ya kira magariba ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Rabo ya ɗauka yaran unguwa ne. Ya fita ya duba lungu, babu kowa sai wata akuya kwance tana tuƙa. Yana dawowa wani dutsen ya faɗo tsakar gida, dab da ƙafarsa. Ba daga gefen katanga ya zo ba, daga sama ya sauko a miƙe. Da ya sunkuya ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, kamar an ciro shi daga murhu. Larai ta leƙo da mara a hannu, suka dubi juna.

Ita motar tsohuwa ce, ta girmi Suwaibatu nesa. Gajeruwa ce mai dogon hanci, ƙofa biyu, kujera biyu, irin wadda Turawa ke gudu da ita don nishaɗi. Wani Bature mai sayen auduga ya bar ta a gefen gonar wani Bamaguje a Mairuwa sa'ad da ta lalace masa, ya tafi ƙasarsu bai komo ba. Ta yi shekaru a nan, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashinta, tayoyi suka narke cikin ƙasa. Bayan mai gonar ya mutu, ɗansa Amadu ya ce wa Rabo ya zo ya ɗauke ta ya huta da ganinta. A lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, malaman makaranta da akawuna suna ta sayen sababbin Fijo da babura, mutane suka yi ta yi wa Rabo dariya da aka ga babbar mota ta jawo masa gawar ƙarfe har ƙofar gida. Sai da aka rushe gefen katanga kafin ta shiga.

Rabo mutum ne mai bin aiki daki-daki. Ya sauke injin ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su a kan tabarma. Ya je Funtuwa ya je Zariya neman ringi da fulogi da za su dace, abin da bai samu ba ya sa aka ƙera masa. Ya toshe lagireto da dalma, ya sake igiyoyin birki, ya kankare tsatsa da hannunsa har fatar yatsunsa ta saɓule. Kujerun da suka ruɓe ya cire ya ƙone, ya sa baduku ya lulluɓe sababbi da jar fata. Ba don ado yake gyaranta ba. So yake ta zama motar hawa, ya riƙa zuwa Faskari da Sabuwa gyaran injinan niƙa, ya daina tsayuwa bakin hanya yana jiran motar kasuwa. Damina biyu ta same shi a kan wannan aiki.

Bayan waccan Laraba gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana komai lafiya lau, kaji na kiwo, Larai na daka. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya sai shiru ya sauka, irin shirun da har tsuntsayen dalbejiya ke daina kuka. Sai duwatsu. Wata rana kuma tari, tarin tsohuwa, daga cikin motar da ke rufe. Wani yammaci ham ɗin motar ya yi kuka a hankali, alhali batir ɗin yana ɗakin Rabo a ƙarƙashin gado. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Daga nan abin ya koma kan Suwaibatu. Idanunta suka yi ja, suna zubar da ruwa ba tare da tana kuka ba. Aka kai ta asibiti aka ba da maganin ɗigawa, bai yi komai ba. Ta daina cin abinci sai ruwa. Ta daina zuwa makaranta. Larai ta riƙa samunta zaune cikin motar a kujerar mai zaman banza, gefen direba, ƙofa a rufe, hannuwanta a kan cinya, bayanta a tanƙware kamar na wadda ta shekara tamanin. In an kira sunanta ba ta waiwayowa. Ran da uwar ta kama hannunta za ta fito da ita, yarinyar ta dube ta, ta ce da wata murya mai kaushi wadda ba a taɓa ji a gidan ba: "Sakar mani hannu, yarinya. Ban san ki ba."

A daren nan Larai ta gaya wa mijinta cewa ko ya fitar da ƙarfen nan daga gidan, ko ta ɗauki ɗiyarta ta tafi gidansu. Rabo ya ce in an fitar da motar, wa ya tabbatar abin zai bi ta ya bar yarinyar? Da asuba ya hau keke ya nufi Ƙetare wurin Malam Gide, wani tsoho mai karatu wanda aka sani da irin wannan aiki.

Malam Gide ya iso bayan la'asar, da buta da tasbaha kawai. Bai nemi ganin yarinyar da farko ba. Ya zagaya motar a hankali, ya sa Rabo ya faɗa masa duk abin da ya yi mata tun ranar da aka jawo ta. Rabo ya faɗa, bai tsallake ko noti ɗaya ba. Da ya zo kan yadda ya tarar da sheƙar tsumma da auduga a cikin kujera, ya zuba garwashi a kasko ya barbaɗa busasshen barkono, ya sa a ciki ya rufe ƙofofi don ɓeraye su fita, sai malamin ya tsayar da shi.

"Ka yi sallama kafin ka sa hayaƙin?"

"Allah shi gafarta Malam, wa zan yi wa sallama? Mota ce."

Malamin ya ce ko kangon ɗaki ne, ko tsohon rumbu, ko rijiyar da aka daina ja, duk abin da ya daɗe babu mutum ba a faɗa masa haka kawai. Ana tsayawa a bakinsa a yi sallama, a ce masu wuri su kwashe nasu, a ba su kwanaki. Ya ce kowace tsohuwa a ƙauye ta san wannan, sai dai babu wanda ya taɓa tunanin mota ma tana zama kango.

Aka shimfiɗa tabarma a gaban motar, aka zaunar da Suwaibatu, Larai na riƙe da kafaɗunta. Rana ta yi ƙasa. Malam Gide ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. An daɗe babu abin da ya motsa. Can sai yarinyar ta fara tari, ta ɗaga kai, ta ce a daina, ta ji, ba kurma ba ce.

Malamin ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta gidan mutane. Muryar ta ce ba ita ta zo ba, kawo ta aka yi. Ta ce gidanta wata tsamiya ce a gefen gonar Mairuwa, tun kakannin mai gonar suna zuba mata gumba da nono a gindinta. Da masu faɗaɗa hanya suka sare tsamiyar, ta rasa wurin shiga sai wannan ƙarfen da ke kusa. Tana barcin rana aka ɗaure ta a bayan babbar mota, ta farka a garin da ba ta sani ba. Ta ce ta yi haƙuri da guduma, ta yi haƙuri da warin kananzir, ta yi haƙuri da aka ƙone shimfiɗarta. Ranar da aka hura wuta a cikin hancin ɗakinta har bango na rawa, ranar haƙurinta ya ƙare.

"To mi ya haɗa ki da yarinya? Ita ta yi maki?"

"Ubanta ya ƙone mani idanu da barkono. Na ari nata. Da mi zan gani?"

Larai ta fashe da kuka marar sauti. Rabo ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa.

Malam Gide ya ce aro ba da izinin mai abu ba zalunci ne, kuma ta san abin da zai biyo baya in ya ci gaba da karatu. Tsohuwar ta ce a bar mata yarinyar ta zauna a jikinta, ba za ta cuce ta ba. Malamin ya ce wannan kam babu. Ta ce to a mayar da motar inda take, a cire mata tayoyi, a bar ta har abada. Rabo ya ɗago da sauri ya ce ya yarda, a yau ma, amma malamin ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa tsohuwar, mutumin nan ya yi kuskure, bai yi mugunta ba, kuma guminsa ba nata ba ne. Aka yi ta ja har duhu ya fara rufe fuskokinsu. A ƙarshe ta ce tana da dangi a wata kuka da ke bakin ruwan Mairuwa. A kai ta can cikin motar, da idanun yarinyar, don ta ga hanya. A bar mata kujerar jar fatar a gindin kukar, don ƙashinta ya saba da laushi. In an yi haka za ta fita, ba za ta ƙara waiwayar gidan ba. Malamin ya sa ta rantse, ta rantse.

A nan wata matsala ta fito. Kujera biyu ce a motar. Babu wurin malam, babu wurin uwa. Kuma motar ba ta taɓa taka titi ba tun da aka gyara ta. Malam Gide ya ja Rabo gefe ya ce gobe su isa kafin rana ta faɗi, kuma komai ta ce masa a hanya kada ya amsa, ko da muryar ɗiyarsa ta yi magana. In ya amsa, ya karɓe ta baƙuwa ke nan, rantsuwar ta warware.

Washegari tun da safe Rabo yana ƙarƙashin motar. Ya ɗaure abin da ya riga ya ɗaure, ya gwada birki, ya cika lagireto, ya sa galan ɗin ruwa da sufana a bayan kujera. Bayan azahar aka sake rushe gefen katangar. Larai ta ɗaura wa yarinyar kallabi, ta tsaya a ƙofar gida har ƙarar ta ɓace.

Hanyar Sheme a wancan zamani jar ƙasa ce, damina ta cinye ta. Motar ƙasa-ƙasa take, an yi ta don titin wata ƙasa, cikinta na gugar tudu duk inda ramuka suka yi zurfi. Rabo ya riƙa bin gefe a giya ta biyu. Yarinyar tana zaune a tanƙware, jajayen idanunta a kan hanya, ba ta ƙiftawa. Da suka wuce rabin tafiya tururi ya fara fita ta hancin motar. Dole ya tsaya a bakin wani rafi ya jira injin ya huce, yana kallon rana tana sauka a kan duwatsun Faskari. Yana cikin zuba ruwa ya ji an yi magana daga cikin motar, da siririyar muryar da ya sani tun tana koyon kiran sunan abubuwa.

"Baba, ina za ka kai ni? Tsoro nake ji. Mu koma wurin Inna."

Ruwan ya zube a kan takalminsa. Ya rufe bonet, ya shiga, ya tayar da mota.

"Baba, ba ka ji na? Mi na yi maka?"

Ya ciji leɓensa har ya ji gishirin jini. Ta yi ta kiransa, tana roƙo, tana kuka, har suka hau kwalta a Sheme. Bai sani ba ko tsohuwar ce ke gwada shi, ko kuwa ɗiyarsa ce da gaske ta samu ta leƙo tana neman ubanta. Bai taɓa sani ba har ya mutu.

Sun isa kukar rana ta zama ja, saura kaɗan ta nutse a bayan ruwan. Ya buɗe mata ƙofa, ta fito da ƙyar tana dafa gwiwa. Ya durƙusa ya kwance notunan kujerar, ya ɗauke ta ya ajiye a gindin kukar, ya gyara mata zama ta fuskanci ruwa. Sa'an nan ya ja da baya ya yi sallama, da ƙarfi, kamar mai shiga gidan surukai. Yarinyar ta tako ta zauna a kujerar, ta shafa fatar da tafin hannu. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ƙara, ta sulale ƙasa.

Da ya ɗago ta jikinta ya yi sanyi, ba nauyi, kamar an zare wani abu daga ciki. Ta buɗe ido ta tambaye shi ina ne nan, ta ce yunwa take ji. Rabo ya ɗaga kai ya dubi yamma. Rana ta riga ta faɗi, bai san ko an yarda ya amsa yanzu ba. Ya dubi kujerar. Fatar ta lotsa a tsakiya, kamar akwai mai zama.

"Mairuwa ne, Suwaiba," in ji shi. "Gida za mu."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya shimfiɗa mata a kan ƙarfen da kujerar ta bari. Ta zauna a ƙasa, kanta bai kai taga ba, ta jingina da gwiwarsa. Ya kunna fitilu ya juya motar a hankali. Duk bayan ɗan lokaci sai ya kira sunanta, ta amsa cikin magagin barci, ya kasa kunne yana auna muryar. In sun ɗan ƙara gaba sai ya sake kira.