Alluna Biyu a Mace

Da hantsi aka buga waya caji ofis, aka ce an yi sata a wani kamfanin tace bidiyo. Sufeto ya ɗauki Kofur suka je suka hau benen da kamfanin yake, suka tarar da Manaja tsaye a bakin ƙofa yana share gumi.

"Me aka ɗauke?"

"Katin hoto, ranka ya daɗe. Na'ura ce da ake sakawa cikin kwamfuta, ita ke tura hoto zuwa allo. Sabo fil! Ga aikin mutane ya kamata mu miƙa gobe."

A kan wani dogon tebur akwai alluna huɗu a jere, biyu na haske, biyu a mace. Kyamarori masu tsada na rataye a bango, ba wanda ya taɓa su. Ƙofar ma ba a ɓalle ta ba.

"In an sace katin, me ke kunna biyun nan?"

Wata matashiya mai tabarau, wadda suke ce wa Auta, ta buɗe murfin kwamfutar. "Tsohon katinmu ne, mai kafa biyu kacal, allo biyu kawai ake iya jona masa. An zare sabon, an mayar da wannan."

"Ɓarawo mai tausayi ke nan," in ji Kofur. "Ya yi sata ya bar canji."

Sufeto ya ja Manaja cikin ofishinsa. "Wa ya zaɓi katin?"

"Auta. Yayanta Gwani, shi ne babban mai tace mana bidiyo, ya ce mu sayi ƙananan kati biyu, kowanne ya riƙe allo biyu. Ita kuma ta ce kati biyu za su dafa kwamfutar da zafi, kuma manhajar aikinmu a kan ɗaya take ɗora nauyi. Gara babba guda mai kafa huɗu. Na bi tata."

"A gaban wa ka yanke?"

Manaja ya sosa ƙeya. "A gaban kowa. Har na yi wasa na ce ɗaliba ta wuce malaminta."

An kira Gwani. Ya shigo yana gyara hannun riga, bai ko kalli ƙanwarsa ba.

"Ina ake ajiye tsofaffin kaya?" in ji Sufeto.

"A kabad ɗin can. Mabuɗin ya daɗe da ɓata, yallaɓai. Ni jiya da wuri na tafi gida." Ya ɗan yi murmushi. "Amma aiki ba zai tsaya ba. Da na ji labari na sa mai shagon ƙasa ya ware mana ƙananan kati biyu. Dama na faɗa musu."

Sufeto ya sauka zuwa shagon kayan kwamfuta da ke ƙasan benen.

"Yaushe Gwani ya ce ka ware masa kati?"

"Yau da safe," in ji mai shago, idonsa na kan kantar shagon.

"To mu je ofis ka rubuta haka, ka sa hannu."

Mai shago ya ɗago kai. "Gaskiya jiya ne da yamma, ina shirin rufewa. Ya ce kada in gaya wa kowa."

Da Sufeto ya koma sama, ya tara su duka a gaban teburin.

"Gwani, ka nemo magani tun kafin ciwon ya zo. Tsohon katin kuma ya fito ne daga kabad ɗin da ka ce mabuɗinsa ya ɓata. Kofur, ɗauko abin ɓalle kabad ɗin nan."

"Ba sai an ɓalle ba." Gwani ya zaro mabuɗi daga aljihu.

Sabon katin na can ciki, cikin kwalin tsohon, an naɗe shi tsaf da tawul.

"Ban yi niyyar sayarwa ba, wallahi," ya ce. "So nake a sa nawa, a ga yana aiki. Ni na koya wa yarinyar nan yadda ake kunna kwamfuta! Ni na kawo ta nan. Yanzu ko fulogi za a saya, sai a ce a kira Auta. Ina zaune ana tsallake ni kamar kujera."

Auta ta cire tabarau ta goge ido. "Yaya, teburin nan naka ne. Ni na roƙi Manaja a haɗa maka shi, don na ga yadda kake fama da ƙaramin allon nan har idonka na ruwa. Jira muke a gama gwaji a ba ka."

Gwani ya juya wajen Manaja. Manaja ya gyaɗa kai, ya kau da fuska.

"A bar shi, yallaɓai, don Allah," in ji Auta. "Ai an samu kayan."

"Ƙara ta riga ta shiga, ƙanwata," in ji Sufeto. "Sai ya ba da bayani a ofis, sauran kuma yana hannun Manaja."

Kofur ya kama hannun Gwani. A bakin ƙofa Gwani ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Auta, ki kashe wuta kafin ki mayar da katin."

"Na sani, Yaya," ta ce.

Suka sauka da shi.