Littattafan Naja'atu a Rumbun Garo

"Ba zan ƙona su ba, Baffa."

Naja'atu ce ta faɗi haka a tsakar gida. Baffa Datti, wanda ya riƙe Naja'atu tun rasuwar mahaifinta, yana tsaye da ashana a hannu, littattafanta na jami'a zube gaban murhu. Lokacin shari'a ba ta daɗe da kankama ba, Gwarzo kuwa ta ɗauka cewa 'yar gidan Datti tana Badun tana karanta Latin da Girkanci, wai harshen coci da tatsuniyoyin gumaka. Rabin littattafan na aro ne. In suka ƙone, karatu ya ƙare.

"To, ga malami na kira," in ji Baffa. "Tasi'u, duba mana."

Tasi'u saurayi ne, malamin Larabci, mutumin Kabo. Ya tsuguna ya ɗaga guda, ga hoton mutum-mutumi a bangonsa. Ya dubi Naja'atu. Idonta ya kaɗa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, ba a hukunci kan abin da ba a karanta ba. A ba ni su tukuna."

Ya ɗura su a buhu, ya ɗaure a babur. Ta bi shi da harara har ya ɓace.

Yajin aikin jami'a ya yi ta ja, tana gida ba mai yi mata magana, sai ga saƙo a 'yar wayarta:

"Littattafanki suna rumbun Innata a Garo, ƙarƙashin damman gero. Ban gane ko harafi ɗaya ba. Za ki koya mini?"

"Alƙalina ne ke neman darasi?"

"Shi ne, Malamata."

Tun daga nan zaure ya zama aji. Ta ba shi labaran mutanen da, yaƙe-yaƙensu da kukan matansu, shi kuma ya je ya gaya wa Baffa gaskiya: karanta labarin mutane ba bin addininsu ba ne. Baffa ya kore shi. Mahaifin Tasi'u ma, da ya ji ɗansa na son aurenta, ya ce ba da shi ba.

Tasi'u ya ɗauke ƙafa. Gari ya ɗauka an ba shi Sa'a, 'yar kawunsa. Naja'atu ta rubuta masa:

"In ka zaɓi Sa'a, Allah ya sa alheri. Ka aiko mini da buhuna."

Da la'asar sai ga shi da buhun. Ta dubi buhun, ta dube shi.

"Sallamar ke nan, Malam?"

"An janye yaji, Malamata, na kawo ne ki koma. Babana ya sauko. Innata Uwaliya ce ta tare shi, ta ce, 'Alhaji, tun kaka littattafan nan suke cikin gerona, kullum kana shan furar. Ka fasa salla ne?'"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Sai muryar Baffa daga soro:

"Naja'atu! Ko Badun, ko ni."

Ta durƙusa har ƙasa. "Ka yafe mini, Baffa. Zan koma."

Ta koma, ta gama. Aka ɗaura aurenta da Tasi'u a ƙauyen Mainika, ƙanin Baffa, Zailani, ya yi walicci. Ranar jere, mata suka tarar ta ware wa littattafai layi guda a kabad, tsakiyar kwanuka, har yanzu suna ƙamshin gero. Inna Uwaliya ta dafa kan amarya. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo masu albarka."

Duk sallah Naja'atu takan je Gwarzo ta durƙusa ƙofar ɗakin Baffa ta gaishe shi. Ta sami digirinta, ta sami Tasi'u. Mutumin da ya goya ta zuwa firamare kuwa, har yau bai amsa gaisuwarta ba.