Kukan Tsuntsu a Wayar Yaya Kaumi

Ku matso, ku matso! Wallahi yanzun nan na jiyo, ko takalmi ban cire ba. Ke Hajjo, ja ƙofar.

Kun san Yaya Kaumi, ɗan Gwaggo, mai yawon kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa? To shekaranjiya ya shiga fadamar Nguru shi kaɗai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai doguwar ƙafa, daga ƙasar Turawa yake tasowa in sanyi ya koro shi, ba kowa ke dacen ganinsa ba. Hotonsa yake so.

Masunta suka ce masa, "Malam, baƙin nan ba a kiransu. Zama ake yi, in sun so su fito."

Ya yi dariya. Ai yana da kukan tsuntsun a waya.

Rana tsaka ya kunna. Tii. Tii.

Kwaɗi suka yi tsit. Iska ta tsaya.

Sai ga wata tsohuwa tsaye cikin ruwa. Bai ji tahowarta ba. Ruwan ma bai motsa ba.

"Sannu, Iya."

Ya dubi ƙasa. Ƙafarta ɗaya ce a ruwa, siririya kamar tsinke, gwiwar ta lanƙwashe ta baya. Ɗayar tana naɗe cikin zani.

"Muryar ɗana ce," in ji ta. "Ya yi arewa tun bara, bai dawo ba. Kai ka rufe shi a nan?"

"Iya, muryar kawai aka ɗauka..."

"Sake shi."

"Ba ya fita, Iya."

Ta karkata kai, ta kalle shi da ido ɗaya. "To ba ni taka muryar."

Nan take maƙogwaronsa ya shaƙe. Ya buɗe baki zai yi addu'a, sai iska. Da sauri ya miƙa mata wayar, tana ta tii, tii. Ta rungume ta a ƙirji tana jijjigawa. Sai numfashinsa ya dawo. Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Takalmansa suna can cikin taɓo.

Kuna cewa ya tsira ko? Hmm. Cajin waya kwana nawa yake yi?

Ɗazu Gwaggo ta kira lambar, aka ce a kashe take. Ta juya ta ce, "Kaumi, ka ji?" Ya buɗe baki.

Tii.

Don haka ko rakiya aka ce ku yi fadamar nan, ku ce kuna da jarrabawa.